Katin da Ya Jira Sa Hannuna

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da na koma asibitin da na fara aiki, bayan shekara ashirin da ɗaya da barinsa. Ku da kuke zagayen marasa lafiya tare da ni kun sha tambayata labarin hoton tsohon katin nan da ke ƙarƙashin gilashin teburina, ni kuma kullum sai in ce sai mun sami sarari. To, yau ga sararin. Na tafi ne neman wata mata da na sa aka yi wa canjin wurin aiki ina matashin likita, don in roƙe ta ta yafe mini kafin in tashi zuwa aikin hajji. Ranar da na kama hanya ban ma san ko tana raye ba.

Bayan na gama bautar ƙasa aka tura ni wani ƙaramin asibiti a gefen fadama, idan ka wuce Wurno ka miƙa ta Goronyo. Ba zan faɗi sunan garin ba, masu garin sun san kansu. Gado goma sha biyu ne, da ɗakin haihuwa, da ɗakin magani, sai ofishina da awakin maƙwabta suka mayar da barandarsa wurin shan inuwa. Ni kaɗai ne likita, ni ne kuma shugaban wurin, abin da ma'aikata ke kira incaji. Shekarata ashirin da takwas, ɗan birnin Sakkwato, daga gidan malamai, ga takardar digiri sabuwa ful, ga farar riga da nake gogewa da kaina da dutsen guga na gawayi. Idan na ce muku a lokacin ina jin tsakanin Wurno da Goronyo babu wanda ya kai ni sanin daidai, ban yi wa kaina ƙazafi ba.

Cikin ma'aikatan da na tarar akwai Malama Kulu, jami'ar lafiya ta karkara. Ga waɗanda ba 'yan aikinmu ba, irin wannan ma'aikaciya ba likita ba ce, ba kuma nas ba, amma a ƙauye ita ce komai: ita ke rigakafi, ita ke awon ciki, ita ke wanke rauni, ita ke lallashin uwar da ta ce ba a taɓa mata ɗa da allura. Gajeriyar mace ce marar yawan magana, ta kai shekara arba'in, kuma tun ina sakandare take aiki a wurin. Duk wanda ya shigo ta san uwarsa, ta san gonarsu. A hannunta mabuɗin kabad ɗin maganin tarin fuka yake.

Sai na yi muku bayanin yadda ake maganin tarin fuka a wancan lokaci, don a kansa labarin yake. Wata takwas ake yi ana sha. Wata biyun farko dole majinyaci ya zo kullum da safe, kafin ya ci komai, ya haɗiye ƙwayoyin a gaban ma'aikaci, ma'aikaci ya yi maki a katinsa. Sauran wata shida ana ba shi na wata-wata. Kowane majinyaci da ƙullin maganinsa mai sunansa a kabad, da katinsa a aljihun teburin Malama Kulu, ni kuma ina riƙe da babban littafi a ofis. A tsarinmu, likitan da ya buɗe kati shi ke rufe shi da sa hannunsa, ya rubuta ko majinyaci ya warke, ko ya rasu, ko ya daina zuwa. Wanda ya tsinke magani a tsakiya kuwa ya fi wanda bai fara ba shiga haɗari, don cutar kan dawo ta ƙi jin maganin.

Bayan an gama cirar albasa, damina na ƙaratowa, aka kawo mana wani manomi da matarsa daga wani ƙauye a ƙetaren fadama, su duka biyun da tari. Aka auna majinarsu, cutar ce. Shi mijin ta riga ta ci ƙarfinsa. Matar sunanta Dije, yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, da 'ya'ya uku. Na buɗe musu kati, suka fara zuwa. Kwana tara da farawa Allah Ya yi wa mijin rasuwa.

Bayan kwana uku Malama Kulu ta shigo ofishina, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba.

"Likita, Dije ta shiga takaba. Dangin mijinta ba su barin ta taka ƙohwar gida sai ta yi wata huɗu da kwana goma. Ko in riƙa kai mata maganin?"

Nan fa ɗan gidan malamai ya motsa. Na zaunar da ita na yi mata karatu, na ce addini bai hana mai takaba fita saboda lalura ba, na kawo mata abin da na ji a zauren mahaifina, na ce wannan al'ada ce kawai, kuma idan muka bi al'ada yau, gobe kowa zai kwanta a ɗaki ya ce a kawo masa. Duk abin da na faɗa a kan hukuncin gaskiya ne, har gobe. Abin da ban tambaya ba shi ne ko akwai wanda zai je ya yi wa yayan mijin Dije wannan karatun, da kuma ko zai saurara. Na rufe maganar da cewa:

"Asibiti ba ya bin mutum gida, Malama. Ƙwaya ɗaya kar ta hita kabad ɗin ga sai gabanmu."

Ta ce, "To, Likita," ta juya ta fita. Ni kuma na koma kan layin masu zazzaɓi, na manta da wata Dije.

A makon nan Malama Kulu ta fara makara. Muna da littafin sa hannu a baranda, kowa ya zo ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Ƙarfe takwas da kwata nakan fito da jan biro in ja layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin ya makara. Ni na kawo wannan tsari, ina kuma alfahari da shi. Ma'aikata suka iya dabarunsu: wani ya zo ƙarfe tara ya matse sunansa a saman layin da ƙananan baƙaƙe, wani abokinsa ya rubuta masa tun yana gida. Ita kuwa Malama Kulu sai ta zo da laka a ƙafa har ƙauri, bakin zanenta a jiƙe, ta ɗauki biro ta rubuta a ƙarƙashin layin: tara da rabi. Gobe, goma saura kwata. Ba ta taɓa rage ko minti ɗaya ba. Wannan gaskiyar tata ma ita ta fi ba ni haushi, don gani nake kamar da gayya take yi. Na san wasunku sun riga sun gano inda take zuwa. Ni sai da na yi shekara ashirin da ɗaya kafin in gano.

Na bi ƙa'ida daki-daki. Na fara da gargaɗin baki, ta ce in yi haƙuri. Bayan mako biyu na ba ta takardar tuhuma, wadda doka ta ce ma'aikaci ya amsa a rubuce cikin kwana ɗaya. Amsarta layi biyu ce: ta yarda tana makara, tana da uzurin da ba za ta iya faɗa ba, tana roƙon a ƙara mata haƙurin 'yan makonni. Na karanta na ji kamar ta mare ni. Wato ni, incaji, ban isa in ji uzurinta ba? Na zauna na rubuta rahoto zuwa ga shugaban sashen lafiya da Turanci mai kyau, na sa kalmar sakaci da aiki har sau biyu. Ba a yi kwana goma ba takarda ta fito, an mayar da ita wani ɗan ɗakin shan magani can wajen Dinawa.

Ranar da za ta tafi ta kawo mini mabuɗin kabad da hannu biyu, ta ce Allah Ya bar zumunci. Na karɓa na miƙa wa wanda ya gaje ta, ban ko buɗe kabad ɗin na duba ba. Da lokacin rahoton wata uku ya zo, na buɗe babban littafi na ga sunan Dije, na rubuta a gabansa cewa ta daina zuwa. Bayan 'yan watanni na sami gurbin ƙaro karatu, na haɗa kayana na bar garin.

Shekaru suka tafi. Na zama abin da kuke gani, furfura ta fito, tumbi ya biyo baya. Da Allah Ya nufe ni da kujerar hajji, sai na yi abin da na ga mahaifina ya yi: kafin ya tashi sai da ya bi gida-gida yana neman yafiya, har da mai kawo mana ruwa. Na bi 'yan'uwa, na bi abokan aiki, na kira na nesa a waya. Ina cewa na gama, maiɗakina ta tambaye ni matar nan mai makara da nakan ba ta labari fa. Na ce ai wannan ni ke da gaskiya. Ta ce ba ta musa ba, amma mutum ba ya shekara ashirin yana maimaita labarin da ba ya cin sa a rai. Ta faɗi daidai. A raina dai na ɗauka zan je ne in ce na yi gaskiya amma na yi zafi, ta ce ba komai, in dawo gida da nauyi ɗaya a sauke.

Na zaɓi ranar kasuwar garin, don hanya ta fi mutane. Duk wanda na yi wa maganar tafiyar sai ya ce in tabbata na baro yankin kafin la'asar, kun dai san yadda hanyoyin nan suka zama. Na fita bayan sallar asuba, ni kaɗai a mota.

Ina wuce Wurno warin albasa ya shigo ta taga. Rumbunan albasa na kara na nan jere a bakin hanya kamar yadda na bar su. Asibitin kuwa an yi masa fenti, an kafa faifan sola a rufi, an ƙara ɗaki biyu. Ɗan itacen dogonyaro da na dasa na kewaye shi da ƙaya saboda awaki ya zama babbar inuwa, mata sun fi ashirin a ƙarƙashinsa suna jiran awo. Matashin da ke incaji yanzu ya zaga da ni ko'ina yana ta ranka ya daɗe. A tsohon ofishina na tarar da tagar nan da ba ta rufuwa, har yanzu da wayar da na ɗaure ta da ita da hannuna. Na tsaya na taɓa wayar, wallahi sai da idona ya cika. Na yi kewar yaron da ya ɗaure ta, duk da girman kansa.

Muna fitowa na ji an ce daga gindin dogonyaron, "Likita mai jan biro!" Baba Altine ne, mai gadinmu na da. Ya yi ritaya, amma kullum a nan yake wuni, ya ce gida ba hira. Ashe sunan da suke kirana da shi ke nan a bayan idona, sai ranar na ji. Muka gaisa muka yi dariya, na tambaye shi Malama Kulu. Ya ce ta daɗe da ajiye aiki, mijinta ya rasu, tana wajen ɗanta can ta Tursa a ƙasar Rabah, kuma zuwa ƙaramar salla dai tana nan da ranta. Na ce to mu tafi ya nuna mini hanya. Ya ce in dakata tukuna, akwai wadda ta bar masa sallahu shekara da shekaru cewa duk ranar da na tako garin a kira ta, ga shi kuwa yau tana kasuwa.

Ba a jima ba sai ga wata mata ta shigo, kakkaura, jikinta da ƙwari, ɗauke da kwano cike da tafarnuwa. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabana.

"Ba ka gane ni ba, Likita. Dije ta, wadda kaka aiko ma magani tana takaba."

Na ce mata wane magani. Ta ɗauka tsufa ne ya sa na manta, sai ta shiga tuna mini. Ta ce kullum kafin rana ta ɗaga Malama Kulu ke sallama a gidansu, ta ratso fadama da ƙafa, wani lokaci ruwa har gwiwa, ta ce Likita na gaishe ki, ya ce a sha a gabana. Ta ce ranar farko yayan mijinta ya tare ƙofa, ya ce maganin asibitin da bai hana ƙanensa mutuwa ba ba zai shiga gidan ba. Sai Malama Kulu ta ce masa Likita da kansa ya aiko ta, ɗan gidan malamai ne daga Sakkwato, ya girmama takabar ne shi ya sa bai ce a fito da ita ba, ya turo mace 'yar'uwarta. Jin haka dattijon ya ji nauyi ya kauce. Ta ce daga baya ma da aka mayar da Malama Kulu nesa ba ta fasa ba, mijinta ke goyo ta a keke tun duhun asuba, ya jira ta a bakin fadama. Da takaba ta ƙare kuma ita ta ci gaba da kawo mata na wata-wata, ta karɓi majinarta a 'yar kwalba ta kai awo, har wata takwas suka cika. Ta raini 'ya'yanta uku, ta sake aure, yanzu jikokinta bakwai.

"Tun ran nan, Likita, ban taɓa sallame sallar asuba ban sa ka addu'a ba. Kai da iyayenka."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ina tsaye a gaban mata fiye da ashirin da matashin incaji, kowa na kallona da sha'awa, ni kuwa na san abin da na rubuta a gaban sunan matar nan, na san kuma abin da na yi wa wadda ta cece ta. Shekara ashirin da ɗaya ina cin addu'ar da ba tawa ba. Da ƙyar na iya cewa ai Malama Kulu ce ta yi wahalar.

"Allah shi saka mata," in ji Dije. "Amma ita aiko ta anka yi. Kai ka aiko ta."

Na karɓi tafarnuwar, don ƙin karɓa zai zama wani laifin. Muka shiga mota da Baba Altine. Da muka kama hanya na tambaye shi ko ya san wannan magana tun a lokacin. Ya ce duk asibitin an sani, har mai shara. Na ce to me ya hana a gaya mini. Ya ce ita ta roƙe su su yi shiru, sannan ya ƙara da cewa ko ba haka ba ma, a zaman da na yi da su ban taɓa tambayarsa komai ba sai ko an kulle ƙofa. Yanzu abin da nake tsoro ya canza. Da safe tsorona kar in tarar ta rasu. A cikin motar nan kuwa tsorona kar in tarar da ita ta ce ba ta yafe ba, don na san tana da hujja.

Hanyar ta ci mana lokaci, mun yi azahar a wani masallacin bakin hanya, muka isa uku saura. Ɗanta ya shigar da mu. Tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa tana ɓarar wake da lalube, don yanar ido ta rufe mata gani. Ta ƙara ƙanƙancewa. Na yi sallama, ta ɗaga kai ta karkata kunne.

"Wagga murya ta mai jan biro ta," in ji ta.

Na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa, gefen tabarmar. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar mijinta, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na gaya mata abin da ya kawo ni, da abin da na zo da shi a raina da safe, da abin da na ji daga bakin Dije. Ban yi wa kaina ado ba. Na ce na zalunce ta, ina roƙon ta yafe mini. Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta tambayi ƙarfe nawa. Na ce uku ta yi.

"Ka makara, Likita. Da akwai jan biro gidan ga da na ja ma layi."

Baba Altine ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta yi, ni ma na yi, hawaye na zuba. Amma ba ta tsaya a wasan ba. Ta gaya mini takardar nan tawa ta bi ta har ƙarshen aikinta, duk lokacin ƙarin girma sai a buɗe fayil a ga sakaci da aiki, waɗanda ta koya wa riƙon allura suka zama shugabanninta. Ta ce ranar da takardar canjin ta fito ta yi kuka a bayan keken mijinta tun daga asibiti har gida. Ta ce ba za ta ɓoye mini ba, ta yi shekaru idan aka ambaci sunana sai ta tashi daga wurin. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini gaskiya ba da na ba ta takardar tuhuma.

"Da na hwaɗa ma, da ka amshe mabuɗi. Kwana goma sha tara ya rage mata ta cika wata biyu. Na auna aikina, na auna kwana goma sha tara, na ga aikin ya hi sauƙin bari."

Na ce zan koma in gaya wa Dije gaskiya, a mayar da addu'ar inda ta dace. Ta ce kul. Ta ce ƙarya ɗaya ta yi a duk aikinta, ita ce cewa ni na aike ta, ta kuma daɗe tana neman gafarar Allah a kanta, amma ba za a je a ɓata wa baiwar Allah zuciya da tsufanta ba. Ta ce Wanda ake roƙo Ya san ƙafar da ta taka lakar.

Sai ta kira ɗanta ta ce ya ɗauko mata wata leda a ƙasan akwatinta. Ta kwance da lalube, ta miƙo mini. Katin Dije ne. Ya yi ja don tsufa, gefensa ya cinye. Maki na nan jere, kowace rana da nata, babu gurbi ko ɗaya tun daga ranar da na ce ƙwaya kar ta fita. An maƙala takardun awon majina uku da allurar da ta yi tsatsa, duka sun nuna babu cuta. A sama ga rubutuna na yaro ranar da na buɗe katin. A ƙasa, inda likita ke rubuta sakamako ya sa hannu, babu komai. Ta ce kafin ta miƙa mini mabuɗi ta kwashe sauran ƙullin maganin Dije da katinta. Lokacin da wata takwas suka cika na riga na bar garin, kuma ba ta iya kai wa wani ba, don za a tambayi yadda maganin wadda aka rubuta ta daina zuwa ya fita daga kabad.

"Aikin ga bai ƙare ba, Likita. Kai ka buɗe shi. Ka ruhe shi, sannan mu yi maganar yahiya."

Na ciro biro. Na rubuta cewa ta warke, na sa hannu. Da na zo wurin kwanan wata sai na tsaya, na fara lissafin watan da ya kamata a ce an rufe katin, don in rubuta shi. Ta ji shirun ya yi yawa, ta tambaya, na gaya mata.

"A'a. Sa na yau. Lokacin da mutum ya iso shi aka rubutawa."

Na rubuta na ranar. Ta karɓi katin ta shafa wurin da yatsa kamar tana gani, sannan ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe mata ta saɓa umarnina. Ta ce in na je gaban Ka'aba in tuna da mijinta, don shi ya tuƙa keken. Sai ta kore mu, ta ce mu tashi mu kama hanya, la'asar ta kusa. Na ɗauki hoton katin da waya, ainihinsa kuma ta ba Baba Altine ya mayar asibiti, ta ce can ne gidansa.

Na yi hajjina, na kuma cika mata sallahunta. Dije har yau ba ta sani ba, tana can tana sa ni a addu'a kowace asuba, ni kuma kowace asuba ina roƙon Allah Ya kai ladan gidan da ya dace.

Ga abin da nake so ku riƙe, musamman ku da za a tura karkara bana. Ƙa'idar da na tsaya a kanta ba banza ba ce, don kare majinyaci aka yi ta, kuma ban ce ku yi wasa da ita ba. Amma ni na tsare takardar ne, Malama Kulu ta tsare abin da aka yi takardar dominsa: a gabanta Dije ta haɗiye kowace ƙwaya ta watannin farko. Za ku tarar da irinta a duk inda kuka je, ba su da digirinku, ba za su yi gardama da ku ba, za su ce muku "to, Likita" su je su yi abin da ya kamata, wani lokaci ma da sunanku. Mako shida matar nan tana wuce ni a baranda da laka har ƙauri, ni likita da aka koya wa duban mutum tun daga tafiyarsa, ban taɓa tambayar daga ina lakar take ba. Agogo kawai na duba. Shi ya sa hoton ke kan teburina, inda idona zai riƙa faɗawa a kansa kafin in sa hannu a takardar kowa. Idan kuka matso za ku ga kwanan wata biyu, na sama da na ƙasa, da rubutun mutum ɗaya, tsakaninsu shekara ashirin da ɗaya. A duk asibitin nan babu wanda ya taɓa makara kamar ni.